Jirgin Yaƙi Ya Zama Gidan Kifi



Sa'ad da aka ji kan maganar da zan yi yau, na san akwai waɗanda suka ce a zuci, "To, mu mutanen Sakkwato ina ruwanmu da teku?" Tambayar tana bisa hanya. In mutum ya tashi daga Ƙofar Rini ya nufi kudu, sai ya ci wajen kilomita 1,000 kafin ya ga ruwan gishiri a Ikko. Babban ruwan da yaron unguwar ya sani shi ne gulbin Rima. Amma ina roƙo ku ba ni hankalinku. Zan kai ku teku ne don mu ga wani abu da ido, sa'an nan in komo da ku Rima da Kainji, inda abin ya shafi tuwonmu da miyarmu.

Hanyar tekun ma ba baƙuwa ba ce gare mu. Kakanninmu masu zuwa hajji a ƙasa sukan bi ta Barno, su ratsa Wadai da Darfur, su ƙetare Nilu, har su iske Bahar Maliya a Sawakin. Daga 1905, da Ingilishi suka kafa sabuwar tasha a arewa da ita, sai hanya ta riƙa komawa Bur Sudan, wadda Turawa ke kira Port Sudan. Daga can ake shiga jirgi zuwa Jidda. Da yawa ba su komo ba, suka zauna a Sudan, kamar jama'ar da ta bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903. Har yau akwai Hausawa a Bur Sudan.

To, a bakin wannan tasha, tafiya kaɗan a ƙaramin jirgi, akwai wani jirgin Italiya kwance a ƙasan ruwa tun 1940. Sunansa Umbria. An ƙera shi a Hambug ta Jamus, ya fara aiki a 1912, Italiya ta saye shi a 1935, tsawonsa kuwa ya ɗara mita 150. Asalinsa ba jirgin faɗa ba ne, na ɗaukar kaya da fasinja ne, amma aikin yaƙi ne ajalinsa. A watan Mayu na 1940 aka loda masa bamabamai wajen 360,000, da siminti, da motoci, don sojan Italiya da ke Eritriya. A lokacin Italiya ba ta riga ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba, saboda haka Ingilishi ba su da hujjar kama shi. Suka bar shi ya wuce mashigin Suwes, amma suka sa jirgin yaƙinsu ya bi shi a baya. Ran 9 ga Yuni suka tsai da shi kusa da Bur Sudan, suka zuba masa sojoji wai ana bincike. Kashegari kyaftin ɗinsa, Lorenzo Muiesan, ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙi, alhali baƙin da ke cikin jirginsa ba su ji ba tukuna. Sai ya nemi izini wai zai gwada wa mutanensa yadda ake tsira in haɗari ya auku. Aka ba shi. Ana cikin saukar da kwalekwale, ashe an riga an buɗe wa ruwa hanya daga ƙasa. Kafin Ingilishi su farga jirgi ya karkata. Ya kwanta a kan gefensa na hagu da bamabamansa duka, mafi zurfinsa bai kai mita 40 ba, wani sashensa kuwa yana dab da fuskar ruwa.

Bayan shekara tara, a 1949, wani masani mutumin Ostiriya, Hans Hass, ya nitsa ya ɗauko hotonsa. Ya tarar da murjani ya riga ya kama ƙarfen, kifi kuwa ya mai da shi gari. Daga baya ya zama ɗaya daga wuraren da masu nitso na duniya suke kashe kuɗi su zo gani, har yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya durƙusar da wannan sana'a.

Kafin mu tambayi yadda ƙarfe ke zama gari, bari mu ga yadda mutum yake isa can, domin nan ne ilmin yake da daɗi, nan ne kuma ake mutuwa.

Nitso ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Sarkawa da Kabawa sun iya shi tun kaka da kakanni, har cikin wasannin Kabanci na Argungu ana gasar wanda zai fi daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Akwai kuma masu shiga rijiya su ɗauko guga. Dukansu da numfashi ɗaya suke aiki. Mutum ya cika huhunsa a sama, ya sauka, ya komo kafin ya ƙare, minti ɗaya ko biyu, gwani ya ɗara haka. Abin da ya sake al'amarin shi ne na'urar da wasu Faransawa biyu suka ƙera a 1943, Jacques Cousteau hafsan sojan ruwa, da Émile Gagnan injiniya. Mai nitso yakan goya tukunyar ƙarfe wadda aka ɗura wa iska da ƙarfi, ba wata iska ta daban ba, wannan dai da muke shaƙa. Daga tukunyar akwai tiyo zuwa bakinsa, a jikin tiyon kuwa akwai wata 'yar na'ura wadda ba ta sakin iska sai ya ja, kuma takan sake ta daidai da nauyin ruwan da ke kansa. Wannan daidaitawa ita ce asirin abin duka. Ya sa gilashi ya rufe ido da hanci, ya sa takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, ya ɗaura ɗamarar dalma don kada ya yi ta tasowa, shi ke nan ya zama baƙon kifi na ɗan lokaci.

Me ya sa sai an daidaita? Domin ruwa yana da nauyi. Iskar da ke bisa kanmu a nan tana danna kowane ɗan fili na jikinmu mai girman farcen yatsa da nauyin kusan kilo ɗaya, ba ma ji don a cikinta aka haife mu. Kowace mita 10 ta ruwa, watau wajen gaba biyar da rabi a ma'aunin masu haƙa rijiya, tana ƙara wani nauyin kamar wannan. A mita 10 matsi ya zama biyu, a mita 20 uku, a mita 30 huɗu. Nama da jini ba su damu ba, don yawancinsu ruwa ne, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Inda iska take a jiki nan ne wahala. Duk wanda ya taɓa nitso a gulbi ya san zafin da kan kama kunne, wannan dodon kunne ne ruwa yake turawa ciki. Maganinsa mutum ya toshe hanci ya hura a hankali tun kafin zafin ya zo.

Ga lissafi mai sauƙi ga ɗalibai. Tukunya mai cin lita 12, in an ɗura mata iska ninki 200, tana ɗauke da lita 2,400. Mutum mai iyo a hankali a saman ruwa yana shaƙar kamar lita 20 a minti, watau za ta kai shi sa'a biyu. A mita 30 kowane numfashi yana cin ninki huɗu, sai ta ƙare cikin rabin sa'a. In tsoro ya kama shi yana haki, ko rabin haka ba za ta kai ba.

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. A wannan sana'a maganar ba karin magana ba ce kawai, doka ce, domin sauka ba ta da wuya, hawowa ce ke kisa. Wanda ya cika huhunsa daga tukunya a mita 10, sa'an nan ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura ninki biyu a ƙirjinsa, ta fasa huhun. Abin mamaki, gwanin nitso na gulbi ya fi sabon shiga kusa da wannan haɗari, don jikinsa ya saba da riƙe numfashi, alhali dokar farko ta mai tukunya ita ce kada ya riƙe shi ko kaɗan.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa. Cikin iskar nan kashi 21 bisa ɗari ne oksijin, wanda jiki ke amfani da shi. Kashi 78 naitirojin ne, wanda kan shiga ya fita banza. Amma a ƙarƙashin matsi yakan narke ya shiga jini da tsoka, kuma iya daɗewar mutum iya abin da zai tara. Ku dubi lemon kwalba. Muddin murfi yana rufe ba ka ganin kumfa, ka buɗe a hankali ya fita lafiya, ka girgiza ka buɗe farat ɗaya ya yi tsiri. Mai nitson da ya taso da gaggawa ya buɗe kwalbar jikinsa ne farat ɗaya. Kumfa takan fito a gaɓoɓi, da laka, da ƙwaƙwalwa. Wani ya sha da ciwon gwiwa, wani ƙafafunsa su shanye, wani ya rasu. Wani likitan Birtaniya, John Scott Haldane, shi ya tsara jadawalin hawowa daki-daki a 1908, kuma a kan harsashinsa ake gini har yanzu. A mita 30 mutum ba shi da fiye da kamar minti 20 in yana so ya taso ba tare da doguwar tsayawa ba. Ko da hakan, yakan hawo a hankali, ya dakata minti uku a mita biyar kafin ya fito. Wanda abin ya kama ba shi da magani sai a sa shi cikin ɗakin ƙarfe a mai da masa matsin, sa'an nan a rage kaɗan-kaɗan. Har ila yau shi wannan naitirojin, daga wajen mita 30 zuwa ƙasa, yakan juya hankali kamar maye, mutum ya ga lissafin da ya sani ya gagare shi. Don haka aka yanke wa masu nitson nishaɗi iyaka a mita 40.

A cikin jirgi kuwa haɗarin ninki ne, domin akwai rufi a bisa kanka. Ɗakunan sun cika da laka mai laushi kamar toka, wadda ta shekara da shekaru tana kwanciya. Ƙafa ɗaya ta buge ta, sai wuri ya turnuƙe, fitila ta zama banza, ƙofar da ka shigo ta ɓace. Saboda haka masu shiga ciki sukan ja igiya tun daga waje, su kuma raba iskarsu uku: kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana.

Wani abu da zai ba mutanen Ƙofar Rini sha'awa, tun da sunan ƙofarsu yana tuna mana da marina, shi ne abin da ruwa ke yi wa launi. Ruwa yana shanye hasken rana launi-launi. Ja ne ke fara tafiya, cikin 'yan mitoci na farko, sa'an nan ruwan goro, sa'an nan rawaya. A mita 30 kome ya zama shuɗi, kamar an tsoma duniya a karofi an fid da ita. Jini ma kore-kore yake fitowa. Sai mai nitso ya kunna fitila ya haska jikin jirgin, nan take ja da rawaya su bayyana kamar an buɗe adakar amarya.

To, yanzu mu zo ga tambayarmu. Me ya sa kifi yake taruwa a kan jirgi?

Galibin ƙasan teku kusa da gaɓa yashi ne da laka, fili fetal, ba inuwa ba maɓoya. Yawancin ƙananan halittun teku kuwa, irin su murjani da kawa da soso, 'ya'yansu sukan fara rayuwa suna yawo cikin ruwa, ido ba ya ko ganinsu, suna neman abu mai tauri da za su manne. Wanda bai samu ba ya mutu, yashi kuwa ba ya riƙuwa. Saboda haka abin da ya yi ƙaranci a can ba abinci kaɗai ba ne, har da wurin zama. In jirgi ya faɗo, kamar an dasa ƙatuwar tsamiya ce a tsakiyar faƙo, kowane tsuntsu ya san da ita. Cikin 'yan kwanaki wani yauƙi na ƙwayoyin halitta yakan lulluɓe ƙarfen. A kan yauƙin gansakuka ta tsiro. Cikin watanni kawa da danginta su manne, sa'an nan soso da murjani mai laushi. Murjani mai tauri shi ne na ƙarshe, don wani irinsa bai fi ƙarin santimita ɗaya ba a shekara. Jirgin kuma yakan tare igiyar ruwa ya tura ta sama, ta ɗauko abinci daga ƙasa. Ƙananan kifaye su zo cin wannan, su sami ramukan ɓuya, manya su biyo su. Bindigar da aka kafa don harbo jirgin sama sai ka tarar wani kifi ya yi ɗaki a bakinta.

Da mutane suka lura da haka a jiragen da yaƙi ya nitsar, sai suka fara nitsar da wasu da gangan. Mafi shahara shi ne Oriskany na Amurka, jirgin yaƙi sosai, irin mai ɗaukar jiragen sama a bayansa, tsawonsa wajen mita 270. Ya yi yaƙin Koriya da na Biyetnam, a 1966 gobara ta kashe mutum 44 a cikinsa. Aka ja shi zuwa tekun da ke gaban birnin Pensacola a jihar Fulorida, ran 17 ga Mayu 2006 aka fasa cikinsa da nakiya, ya nitse cikin minti 37, ya zauna daram a zurfin mita 65. Shirya shi ya ci wajen dala miliyan 20, galibi a kan wanki: a kwashe mai, da fenti mai guba, da wayoyi. Duk da haka aka bar wani sinadari mai guba da ake kira PCB a wuraren da hannu bai kai ba, kuma a shekarun farko aka same shi ya ƙaru a naman kifin da aka kama a wurin. Ina so ma'aikata su riƙe wannan, za mu komo kansa.

Abin ba kullum yake tafiya yadda aka tsara ba. Wani jirgin sojan ruwan Amurka, Spiegel Grove, a 2002 ya riga masu nitsar da shi, ya nitse kafin lokaci ya kife. Aka sha wahala da kuɗi aka kwantar da shi a gefe. A 2005 guguwar teku ta zo ta tayar da shi zaune, ta yi kyauta abin da injiniyoyi suka kasa. A 2007 masu nitso uku suka ɓace a cikinsa suka mutu. Mafi muni shi ne abin da aka yi a gaban Fort Lauderdale tun daga 1972, inda aka zuba tsofaffin tayoyin mota wajen miliyan biyu wai su zama gidan kifi. Abu kaɗan ne ya manne musu, ɗaurinsu ya tsinke, igiyar ruwa ta yi ta mirgina su suna murƙushe murjanin Allah da ke kusa. A 2007 sai da aka sa masu nitso na soja su fara tsamo su ɗaya-ɗaya. Zubar da shara ne aka sa wa sunan gyara.

Akwai kuma jiragen da ba a taɓawa. Royal Oak na Ingila, wanda jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nitsar a Oktoba 1939 da mutum fiye da 800, doka ta ɗauke shi maƙabarta, an hana nitso a kansa sai da izini. A ganina wannan daidai ne, kuma ba sai an yi wa Musulmi dogon bayani a kan haƙƙin kabari ba.

Yanzu ga maganar da ta kawo ni. Mai nitso ya sauka ya ga kifi dubbai a kan jirgi, ya fito ya ce jirgi ya kawo kifi. Gani ya kori ji, amma gani bai kori tambaya ba. Shin jirgin ya haifar da sabon kifi ne, ko kuwa ya tattaro wanda da ma yake warwatse ne ya tara shi wuri ɗaya? Masana sun daɗe suna gardama a kan wannan, kuma abin da ya fito shi ne duka biyun suna aukuwa. Kifin da ke kwana a wurin, ya ci a wurin, ya yi ƙwai a wurin, wanda da ma rashin maɓoya ne ya hana shi yawa, lalle yakan ƙaru. Amma babban kifi mai yawo, wanda abin da ya rage shi yawan kamu ne, jirgi bai ƙara ko ɗaya a kansa ba. Ya dai gaya wa masunci inda zai same shi. Da sai mutum ya yini yana nema, yanzu ya san adireshi. Kamu zai hau shekara biyu ko uku, rahoto ya yi kyau, a yaba wa wanda ya kawo shawara, alhali kuwa jarin ake ci. Rijiya ɗaya a dajin da ba ruwa tana tara namun daji, amma in maharbi ya kafa bukka a bakinta, ba za a ce rijiyar ta amfani barewa ba.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Benin sun san wannan dabara tun kafin a ƙera Oriskany. A tafkin Nokuwe, bayan Kwatano, masunta sukan kafa rassan itace cikin ruwa marar zurfi su yi kamar shinge mai kauri, suna kiransa akaja. Gansakuka ta tsiro a jikin rassan, karfasa ta shigo ta ci, ta ɓuya, ta hayayyafa. Bayan watanni mai akaja ya kewaye ta da taru, ya cire rassan, ya kwashe. Abin da ya sa take ba da amfani mai yawa shi ne tana da mai ita, kuma yana haƙuri ya bar ta ta nuna kamar gona. Tana kuwa da nata laifi: tana cin itace, ruɓaɓɓun rassa suna cike tafki, kuma rigima ba ta ƙarewa tsakanin masu shinge da masu jefa birgi waɗanda fili ya ƙure musu.

To, mu komo gida. Mu ma muna da jirgin da ya nitse. A Oktoba 1857 jirgin Dayspring, wanda ya ɗauko Dokta Baikie da Samuel Ajayi Crowther, ya bugi dutse a Kwara kusa da Jebba ya farfashe, daga baya aka tsamo wasu ƙarafansa aka ajiye a tashar jirgin ƙasa ta garin. A Busa kuma Mungo Park ya halaka da jirginsa a 1806. Amma babban abin da muka nitsar ba jirgi ba ne. A 1968, da aka rufe madatsar Kainji, ruwa ya haɗiye tsohon garin Busa, da tsibiran Gungawa, da ƙauyuka masu yawa har zuwa ƙasar Yawuri, aka tashi mutum fiye da 40,000, tafki ya mamaye wajen murabba'in kilomita 1,270. Itatuwan da ba a sare ba suka tsaya a ƙarƙashin ruwa. Murjani ba ya rayuwa a ruwan daɗi, amma sauran labarin ɗaya ne. Gansakuka ta kama kututture, tsutsar wani ƙwaro mai huda itace ta cika shi, ƙananan kifaye suka samu abinci, giwan ruwa da tsage suka biyo su. Haka aka gani a tafkin Bolta na Gana. A Kainji kamu ya kai wajen tan 28,000 a shekara a farkon shekarun 1970, masunta suka kwararo daga ko'ina. Kafin ƙarshen shekarun nan goma ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Wani sashe na faɗuwar al'adar kowane sabon tafki ce, don takin ƙasar da ruwa ya rufe yakan ƙare. Wani sashen kuwa aikin hannunmu ne, yawan koma da ƙanƙantar idonta.

Kututturan nan suna da fuska biyu, kuma nan ne nake so ma'aikata su yi hattara. Ga matuƙin jirgi abokan gaba ne, ba ya ganinsu sai ya hau kansu, balle da dare, balle jirgi ya yi lodi fiye da kima, kuma mun san yawan rayukan da ake rasawa a ruwan Yawuri da Borgu. Ga mai taru ma abokan gaba ne, suna yaga masa kaya. Amma wannan yagawar ita ce ta sa suka zama mafakar kifi, wuri ɗaya da taru ba ya shiga. In aka ce a share tafki duka don jirage, an rushe gidan kifi. In aka ce a bar shi duka, an bar tarko ga fasinja. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a fid da hanyoyin jirage, a share su, a sa musu alama mai iyo wadda ake gani, sauran kuwa a bar wa kifi. Wannan aiki ne na masu nitso da tukunya, kuma ba irin nitson Bahar Maliya ba ne, inda mutum ke hangen mita 20 ko fiye. Ruwanmu da damina ko tafin hannunka ba ka gani, da lalube ake aiki, ga tsargiya a bakin gaɓa. Amma 'ya'yan Sarkawa da suka tashi a ruwan, in an koya musu lissafin matsi da dokar hawowa, babu wanda zai fi su. Su ne kuma ake kira da ma in jirgi ya kife, su nitsa da numfashi ɗaya su nemo gawa.

Kusa da mu akwai Bakolori, wadda aka gama a 1978 a kan gulbin Sakkwato, da Goronyo, wadda aka gama a 1984 a kan Rima. Wata rana wani zai shigo ofishin ɗayanku da takarda mai hotuna, ya ce ya gani a ƙasar waje, a ba shi kwangila ya zuba tsofaffin motoci ko tayoyi a tafki don kifi ya yawaita. Ku tuna da PCB na Oriskany, wanda dala miliyan 20 ba ta wanke ba, sa'an nan ku tuna ruwan da Goronyo ke saki shi ne yake biyo Rima ya shiga famfunan birnin nan. Ku tambaye shi kuma ko rashin maɓoya ne ciwon kifinmu. Tarwaɗa da balli da yawancin kifin gulbi a fadama suke ƙwai, sa'ad da ruwa ya malala cikin ciyawa da damina. Binciken da aka yi a ƙasa da Bakolori a shekarun 1980 ya nuna madatsar ta rage wannan malala, su kuma ya ja baya a ƙauyukan da ke bin gulbin. Kifin da ba a haifa ba, ko ka gina masa bene ba zai shiga ba. Sakin ruwa a kan kari zai fi masa amfani da kowane ƙarfe.

In kuwa an ga wurin da maɓoya za ta yi amfani, a yi ta da dutse, ko tubalin siminti mai rami, ko rassan itace, nesa da hanyar jirage. Kafin a jefa ko ɗaya, a san wa zai hana kamu a kanta, har tsawon wane lokaci, da kuma abin da za a yi wa wanda ya karya. Ba sai mun je Fulorida neman misali ba. A Argungu, inda bikin su ya kafu tun ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, wani yanki na Matan Fada yakan zauna a rufe, ba mai jefa koma sai ranar da aka ba da izini, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsaro. Giwan ruwan da ake fitarwa a ranar, wanda wani sai mutum biyu ko uku sun taru su ɗaga, a cikin watannin hanin nan ya yi ƙiba. Sarautun ruwa irin wannan suna nan a garuruwan Rima da Kwara, sun san kowane gurbi da sunansa, kuma masunta suna jin maganarsu fiye da takardar da aka liƙa a sakatariya. Duk jami'in da aka ba aikin tafki, kafin ya rubuta kasafi, ya fara zuwa gaishe su.